Sifika bakwai masu araha ko uku masu kyau? Yadda ake raba kuɗin kayan sautin silima na falo

Tambaya: Ina so in haɗa kayan sauti a falona don kallon fim da ƙwallo. Falon mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, ƙasansa tayil. Mai shago ya nuna mini saiti mai sifika bakwai da wufa, an rubuta wat 5000 a jikin kwalin, kuma kuɗina zai saye shi har da canji. Abokina ya ce in bar shi, in sayi amfilifaya daban, sifika daban, ko da guda uku ne. A ina kuɗi ke sayen sauti, a ina kuma yake tafiya a banza?

Amsa: Malam, abokinka ya fi mai shagon gaskiya. Amma kada ka bi maganarsa ido rufe, domin masu sayen kaya ɗai-ɗai ma suna zubar da kuɗi, sai dai ta wata ƙofar. A harkar sauti sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba. Sifika uku na gaba da wufa ɗaya mai kyau, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, su ne ke ɗaukar kusan duk nauyin abin da kunnenka zai ji, sauran kuma ƙari ne da za a iya jinkirtawa.

Mu fara da wat 5000 ɗin nan, tunda shi ne ƙugiyar da ake kama mai saye da ita. Duba kusa da lambar, galibi za ka ga an rubuta PMPO. Wannan ma'auni ba shi da ƙa'idar da kamfanoni suka yarda da ita, kowa lissafinsa yake yi yadda ya ga dama. Wanda ake iya dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da muryar ta dagule ba. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda irin wannan ƙarin gishirin. Kai ma kana da hanyar ganewa a cikin shagon: juya na'urar, ka karanta ɗan allon da ke kusa da wayar wuta, inda aka rubuta wutar da take sha. Idan tana shan wat 90, babu yadda za a yi ta riƙa fitar da 5000. Na'ura ba ta ba da abin da ba ta karɓa ba.

Manyan kamfanoni ma suna da tasu dabarar. Za ka ga an ce wat 140, amma a ƙananan haruffa an auna ne da sifika ɗaya tak, a om 6 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), da sauti ɗaya na 1 kHz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, kHz kuma Hz dubu ne), da dagulewar murya har kashi 10 cikin 100. Layin da za ka nema shi ne mai cewa om 8, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, sifika biyu suna aiki tare, dagulewa ƙasa da kashi 0.1. A wannan layin, yawancin amfilifayoyin silima na matakin farko da na tsakiya suna tsakanin wat 70 da 100.

To ko wat ɗin na gaskiya ne, ba shi ne ya fi muhimmanci ba. Kunne ba ya jin ƙarfi yadda aljihu ke jin kuɗi. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, wato ɗan ƙari da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin mutum ya ce "yanzu ƙarar ta ninka" sai an ƙara wajen desibel 10, wanda ke buƙatar ninka wat sau goma. Saboda haka tazarar amfilifaya mai wat 80 da mai wat 100 ba ta kai desibel 1 cikakke ba. Duk wanda ya ƙara kuɗi mai yawa don wannan wat 20 ɗin ya sayi lamba ce kawai.

Lambar da ta cancanci ka tsaya a kanta tana jikin takardar sifikar: yawan ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1. Za ka ga an rubuta kamar 87 dB ko 90 dB, wato desibel. Bari mu yi lissafin falonka. A ce kujerarka tana mita 3 daga sifika. Sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, don haka a mita 3 ka yi asarar kusan 9.5, kodayake bangon ɗaki yana maido maka da wani abu daga ciki. Sifika mai 87 za ta iso kunnenka da wajen 77.5 a wat 1. Idan kana so harbi ko fashewa a fim ya kai 95, wanda a falo ƙara ce sosai, kana buƙatar wajen wat 56. Mai 90 kuwa wat 28 ya ishe ta. Ka ga desibel 3 a jikin sifika ya yi maka aikin ninka amfilifaya, kuma sau da yawa ba ya ƙara farashi. Ma'aunin gidajen silima yana kai 105 a kowace sifika, wanda da mai 87 ɗin zai ci sama da wat 500. Kusan babu mai kallo a haka a gida, maƙwabta ma ba za su bar ka ba, don haka kada a tsorata ka da shi.

Akwai tarko ɗaya a nan. Ana yawan auna wannan lamba da bolt 2.83, wanda wat 1 ne a sifika mai om 8, amma wat 2 ne a mai om 4. Ke nan mai om 4 da aka rubuta wa 90 daidai take da mai om 8 da aka rubuta wa 87, ga shi kuma tana jan wuta da yawa, tana sa ƙaramin amfilifaya zafi har ya kashe kansa, balle a watan Afrilu. Da amfilifaya mai sauƙin kuɗi, tsaya a om 6 ko 8. Wannan ma wani dalili ne na guje wa saitin kwali: sifikokinsa sau da yawa om 3 ne ko 4, da fulogi na musamman, wufarsa kuma ba ta da amfilifayar kanta. Ran da babbar na'urar ta mutu, sauran kayan sun zama kayan ado.

Yanzu ga inda kuɗi ke aiki. A fim mai sauti 5.1, wato na sifika biyar da wufa ɗaya, kusan duk magana daga sifikar tsakiya take fitowa, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin. Mafi yawan koken da ake yi, na cewa kiɗa da harbi sun yi ƙara amma ba a jin abin da 'yan wasa ke cewa, daga nan yake tasowa: an sayi manyan sifikoki na hagu da dama, an kawo 'yar mitsitsiya an sa a tsakiya. Ta tsakiya ta kasance daga kamfani ɗaya da jeri ɗaya da na hagu da dama, domin idan mota ta ratsa allo daga gefe zuwa gefe kada muryarta ta sauya a hanya. Nemi mai faifan murya na inci 5 zuwa 6.5. Kada a cusa ta cikin kabad a rufe, a jawo ta bakin katako, a ɗan karkata ta ta kalli kunnen mai zama.

Na baya kuwa aikinsu ƙarar ruwan sama ne, da hayaniyar 'yan kallo a filin ƙwallo, da jirgi mai wucewa. Masu araha sun wadatar, na hannu ma sun wadatar. Kafin ka ware musu ko sisi, duba abin da kake kallo. Yawancin abin da ke YouTube, har da finafinan Hausa da ake sakawa a can, sautin hagu da dama ne kawai. Netflix da wasu tashoshin tauraron ɗan'adam suna da 5.1 a wasu shirye-shiryen. Idan kallonka ya fi karkata ga na farkon, sifikokin baya za su yini shiru, ko kuma amfilifaya ta riƙa ƙirƙiro musu abin faɗa. Sifika bakwai kuma sai da fili a bayan kujera, aƙalla mita ɗaya. A falo mai mita 5 da kujera kusa da bango, biyun ƙarshen ba su da wurin zama. Haka batun Dolby Atmos, tsarin da ke kawo sauti har daga sama, wanda ya shiga gidajen silima a 2012, ya iso gidaje a 2014: yana da daɗi idan an huda silin an sa sifika a sama, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Wufa ita ce wurin da araha ba ta ado, kuma dalilin na zahiri ne. Sauti mai kauri iska ce mai yawa ake turawa. Duk lokacin da kake so ka sauka rabi, misali daga 60 Hz zuwa 30 Hz, da ƙara iri ɗaya, sai faifan ya tura iska ninki huɗu. Faifai mai inci 8 faɗinsa wajen santimita murabba'i 210 ne, mai inci 12 kuwa wajen 500. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar masu ƙera sifika: ƙaramin akwati, da kauri mai zurfi, da ƙarancin shan wuta, biyu kawai za ka samu a cikin ukun. Wufar saitin kwali mai inci 6 ko 6.5 a akwatin katako marar nauyi ba ta sauka ƙasa sosai, sai a ƙera ta ta riƙa kumbura sauti ɗaya a wajen 60 zuwa 80 Hz. A shago za ka ji "dum dum" ka ce ta yi. A gida bayan mako guda za ka lura ganga da tsawa da ƙofar mota duk murya ɗaya suke yi. Binciken da Sean Olive ya yi a kamfanin Harman ya nuna cewa kaurin sauti shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na yadda masu sauraro ke fifita wata sifika a kan wata. Don falonka nemi mai amfilifayar kanta, inci 10 ko 12, wadda takardarta ta ce tana sauka zuwa 30 Hz ko ƙasa, kuma an rubuta ±3 dB a gefen lambar. Idan an ce 20 Hz babu wannan alamar, maganar ba ta da ma'auni.

Wufa mai kyau tana rage maka kuɗi a wani wajen, abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba. Idan ka shiga saitin amfilifaya ka sa duk sifikokin a "Small", ka sa mararrabar sauti a 80 Hz, wadda ita ce ƙa'idar THX, kamfanin da ke tantance ingancin sautin silima, duk abin da ke ƙasa da haka wufa zai tafi. Sifikokin gaba sun huta da aiki mafi nauyi, amfilifaya ma ta huta. Ke nan ba ka buƙatar dogayen sifikokin nan masu tsayawa a ƙasa. Ƙanana irin waɗanda ake ɗorawa a kantar littattafai, daga jeri ɗaya, galibi da irin tuwita ɗaya aka yi su, wato ƙaramin faifan da ke fitar da sauti mai kaifi, kuma sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bambancin kuɗin ka zuba shi a wufa.

Sai ɗakin kansa, wanda shi ma kayan sauti ne ko ka so ko ka ƙi. Tayil a ƙasa, bulo da siminti a bango, silin mai santsi, gilashin taga: sauti zai yi ta karo yana dawowa, magana ta cakuɗe. Sifikar miliyoyi ma a irin wannan ɗaki sai ta yi amsa-kuwwa. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, labule mai nauyi mai ninki, kujerun yadi maimakon na leda, kantar littattafai a bangon gefe, waɗannan za su gyara jin magana fiye da ƙarin kuɗin da za ka kai wa mai shago. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin abin kirki, a bar shi.

Kauri kuma yana da nasa hali. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa, ana samun na farko idan aka raba 343, wato gudun sauti a mita cikin daƙiƙa, da ninki biyu na tsawon ɗakin. Naka mita 5 zai ba da wajen 34 Hz, mita 4 kuma wajen 43 Hz. A jikin bango waɗannan sautuka suna yin yawa, a tsakiyar ɗaki cif suna ɓacewa. Don haka kada kujera ta manne da bangon baya, ka bar ko da rabin mita, kada kuma ta zauna a tsakiya daidai. Wajen nemo mazaunin wufa, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai kauri da ka sani, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji kaurin ya fito daidai, ba kumburi ba rami, nan ne wurinta. Wannan ba ya cin ko kwabo. Na hagu da dama su buɗe kusurwar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, tuwita daidai tsayin kunne, na baya kuma a digiri 110 zuwa 120, sama da kunne kaɗan.

Farashi yana bin dala, duk lambar naira da aka faɗa yau gobe ta tsufa, don haka ga rabon a kan kowace naira 100, bisa ra'ayina: 35 zuwa 40 ga sifika uku na gaba, 25 ga wufa, 20 zuwa 25 ga amfilifaya, 10 ga kariyar wuta da waya da kafet. Abin da ya rage, in ya rage, na sifikokin baya ne. Idan ka ga amfilifaya ta cinye rabin kuɗin, lissafin ya karkace. Ita ce ke saurin tsufa, domin tsarin HDMI, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti, yana sauyawa, sifika mai kyau kuwa tana shekara 15 ko 20 tana aiki. A jikinta abubuwa kaɗan ne suka zama dole: ramukan HDMI da suka ishi kayanka, ARC ko eARC don sautin talabijin ya dawo ta waya ɗaya, ramin wufa, da makirufo na daidaita sauti da ɗaki. Amfilifayoyin Denon da Marantz suna amfani da tsarin awo mai suna Audyssey, na Yamaha kuma YPAO. Ka yi wannan awon da dare, fanka da janareta a kashe, makirufo a daidai inda kanka yake zama. Bayan ya gama ka koma ka duba, domin sau da yawa yakan mayar da sifikokin gaba "Large", sai ka dawo da su "Small".

Game da ko tsada tana nufin kyau: daga saitin kwali zuwa sifikokin matakin farko na kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Polk, Wharfedale, Elac, Q Acoustics, JBL ko Klipsch, tazarar babba ce, kowa zai ji. Daga nan zuwa mai ninkin kuɗin, akwai ƙari, amma bai kai na farko ba. Daga can sama kuma yawancin kuɗin yana tafiya ne a fentin akwati, da suna, da iya cika babban zaure. Masu binciken sauti Floyd Toole da Sean Olive sun gwada wannan a 1994: mutane sun saurari sifikoki suna ganinsu, sannan suka saurare su a bayan labule. Da ido a buɗe manya masu tsada sun sami maki fiye da kima, da aka rufe sai tazarar ta ragu. Darasin da za ka ɗauka zuwa kasuwa shi ne, tafi da waƙa da guntun fim da ka sani sarai, ciki har da muryar mutum yana magana kawai. Ka sa a daidaita ƙarar sifikokin biyu da manhajar awon ƙara ta wayarka, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ake zaton ta fi kyau, kuma masu shago sun san haka. Saurara a ƙasa-ƙasa ma. Wadda ke da ƙyalƙyali da kaifi a minti biyun farko ita ce ke gajiyar da kunne a fim na awa biyu.

Waya ba wurin kashe kuɗi ba ce. Jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ya isa har mita 10, mai 2.5 don na baya idan hanyar ta yi nisa. Abin kiyayewa shi ne wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa, kuma wajen kashi 60 cikin 100 kawai na aikin ta gaskiya take yi. Kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ita ce. Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara kyan hoto ko sauti. Ka tabbata dai ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika, domin in ɗaya ta juye kauri zai ragu, murya ta rasa tsakiya.

Kayan hannu hanya ce mai kyau ta samun sauti sama da kuɗinka, musamman sifika, ko a Alaba ta Legas ko a Sabon Gari ta Kano. Sai dai a duba da kyau. Zoben da ya kewaye faifan, in na soso ne, yana ruɓewa da shekaru da zafi, taɓa shi ka gani ko yana marmashewa. Na roba ya fi daɗewa. Danna faifan a hankali da yatsu a kewaye, in ka ji yana gogar wani abu a ciki, nadin wayarsa ya ƙone ko ya karkace. Kara kunne a tuwita ka tabbata tana magana, domin ita ce ke fara mutuwa, kuma abin da ke kashe ta galibi ƙaramar amfilifaya ce da aka murɗe har murya ta fashe. Mitar masu gyara za ta nuna wajen om 5 zuwa 7 a sifika mai om 8, in ta nuna sifili ko ba ta motsa ba, ajiye ta. Amfilifaya da wufa na hannu sun fi haɗari. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake sha, na Japan 100, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce. In aka soka kai tsaye, ko daƙiƙa ba zai yi ba. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da aka rubuta a bayan na'urar, kuma kuɗinta yana cikin farashin, ka lissafa tun a shago. Ko sabo ka saya, sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, kashe kayan kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta, in kuma inbata kake amfani da ita ta zama mai tsabtatacciyar wuta, domin mai arahar tana sa taransifomar amfilifaya gurnani da zafi. Bar mata sarari kamar tafin hannu a sama, ka riƙa busa ƙurar hunturu daga ramukan iskarta.

Akwai inda saitin kwali ko sandar sauti ta ƙarƙashin talabijin ta fi dacewa: ɗakin kwana, gidan haya da ba a yarda a ja waya ba, ko kuɗin da bai kai ya sayi amfilifaya da sifika biyu na kirki ba. A nan sandar sauti mai sifikar tsakiya da wufa, daga kamfanin da ke da wurin gyara a ƙasar, ta fi saitin sifika bakwai marar suna.

In kuɗinka bai kai duka a tashi ɗaya ba, fara da amfilifaya mai 5.1 da sifika biyu na gaba. A saitin ka nuna babu ta tsakiya, amfilifaya za ta raba magana tsakanin biyun, kuma ga wanda ke zaune a tsakiya abin yana fita da kyau. Wufa ta biyo baya, sannan ta tsakiya. Sai dai kada ka daɗe kafin ka sayi ta tsakiyar, domin kamfanoni suna sauya jeri bayan 'yan shekaru, ka zo nema ka tarar babu irin taka. Idan gidan mai yawan jama'a ne, ana zama a gefe da gefe, to ta tsakiya ta riga wufa. Na baya su zo ƙarshe, ko kuma ran da ka samu sifikokin gaba da suka fi naka, tsofaffin su koma baya.